Farfaɗiya: Abin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke koya mana

A cikin cututtukan da ke addabar al'ummarmu, da wuya a sami wadda ake yi wa mummunar fahimta kamar farfaɗiya. Yaro zai faɗi a cikin aji yana kakkafewa, kumfa na fita daga bakinsa, sai a watse a bar shi, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Budurwa takan rasa mijin aure don kawai an ji tana faɗuwa, magidanci kuma yakan ɓoye ciwonsa don gudun rasa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da cutar a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 kuma suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ni a ganina, tushen wannan ƙyama shi ne rashin sanin yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Saboda haka nake son mai karatu ya biyo ni mu fara daga tushe.

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai cika kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke amfani da shi. Masu wannan ci su ne ƙwayoyin jijiya, waɗanda masana ke kira nuron. Ƙididdigar da masana a Brazil suka wallafa a 2009 ta nuna yawansu ya kai kusan biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da jiki, da rassa masu yawa da ke karɓar saƙo, da kuma dogon zare guda ɗaya da ke fitar da saƙo zuwa ga wasu ƙwayoyin. Gani da ji, magana da tunawa, fushi da tausayi, duk suna gudana ne ta hanyar hirar da waɗannan ƙwayoyi ke yi a tsakaninsu.

Ba a banza aka kai ga wannan sani ba. A 1873 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Camillo Golgi, ya gano hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, yadda ƙwayoyi ƙalilan za su fito baƙi ƙirin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Golgi ya ɗauka cewa ƙwaƙwalwa raga ce guda ɗaya da ba ta da yanki. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen ya yi amfani da rinin Golgi ɗin, amma ya ga akasin haka: kowace ƙwaya tana zaman kanta, tana kusantar maƙwabciyarta ba tare da sun haɗe ba. A 1906 aka raba musu kyautar Nobel, alhali ba su daina saɓani ba. Sai a shekarun 1950, da aka yi amfani da madubi mai aiki da lantarki, aka ga 'yar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin, gaskiyar Cajal ta tabbata.

To, yaya saƙo yake tafiya? A cikin ƙwayar, da lantarki yake tafiya. Idan ƙwaya tana hutawa, cajin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kimanin milibolt 70. Da zarar an zaburar da ita har ta kai wani mizani, sai wasu ƙananan ƙofofi a fatarta su buɗe, sinadarin sodiyam ya kwararo ciki, cajin ya juye. Nan take wasu ƙofofin su buɗe, potasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take. Duk wannan yana faruwa ne cikin kusan kashi ɗaya ko biyu cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma yana bin zaren daga wannan gaɓa zuwa waccan. A zaren da ke da rufin kitse, gudun saƙon yakan kai mita 100 a daƙiƙa guda, har ya ɗara. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka fayyace wannan tsari a 1952, bayan gwaje-gwaje a kan jijiyar wata halittar teku.

Idan saƙo ya iso ƙarshen zare, lantarkin ba ya tsallake tazarar a mafi yawan mahaɗai. Ƙwayar takan fesa wani sinadari wanda zai haye ya sauka a kan rassan ta gaba. Otto Loewi ya nuna haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ruwan da ya jiƙa zuciyar da aka rage wa gudu ta hanyar jijiya, da aka zuba shi a kan ta biyun, ita ma sai ta rage gudu. Daga cikin waɗannan sinadarai akwai masu zuga, babbansu gulutamet, akwai kuma masu tsawatarwa, babbansu shi ne wanda ake kira GABA. Kowace ƙwaya tana sauraron dubban muryoyi, wasu na cewa ta tashi, wasu na cewa ta dakata, sai ta bi ɓangaren da ya rinjaya. Lafiyar ƙwaƙwalwa ta rataya ne a kan daidaiton waɗannan ɓangarori biyu.

A nan ne bayanin farfaɗiya yake. Mu ƙaddara kasuwar Kurmi da hantsi: kowa na cinikinsa, hayaniya ta cika wuri, amma ana fahimtar juna, kaya na fita, kuɗi na shiga. Haka lafiyayyar ƙwaƙwalwa take. Idan kuwa duk 'yan kasuwa suka bar ciniki suka haɗa baki suna kururuwa da kalma ɗaya a lokaci guda, kasuwa ta tsaya. Haka take faruwa idan zuga ta fi ƙarfin tsawatarwa: dubban ƙwayoyi su tashi tare, aikin wannan sashe ya rikice na ɗan lokaci. Tun a shekarun 1870 John Hughlings Jackson, wani likita a Landan, ya bayyana ciwon a matsayin tashin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kwatsam fiye da ƙima. A 1924 Hans Berger na Jamus ya fara ɗaukar hoton wannan lantarki daga fatar kan mutum, wanda shi ne asalin gwajin EEG da ake yi a manyan asibitocinmu yau.

Jackson ya lura da wani abu kuma. A wasu majinyata, jijjigar takan fara daga babban yatsa, ta hau hannu, ta kai fuska, kullum a jere. Daga nan ya fahimci cewa sassan jiki suna da wakilci a jere a cikin ƙwaƙwalwa. Kafin shi, a 1861, Paul Broca na Faransa ya nuna cewa rauni a gaban ɓangaren hagu yana hana furta magana. Ke nan, kamannin farfaɗiya ya danganta ga inda rikicin ya tashi. Wani zai faɗi ya sanƙare, wani zai ji wari da babu shi, wani kuma zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a yara, kuma ina fargabar cewa da yawansu bulala suke sha a makaranta bisa zargin wasa da karatu.

Abubuwan da ke jawo ciwon ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau da ke ziyartar yankinmu a lokacin zafi, da buguwar kai a hatsarin babur ba hular kwano, da shanyewar ɓarin jiki. Akwai na gado, akwai kuma wanda likita ba ya gano sababinsa. Babu ko ɗaya daga ciki da ake ɗauka ta yawu ko ta taɓa jiki. Haka kuma jijjigar da ƙaramin yaro ke yi sakamakon zafin zazzaɓi ba lallai ta zama farfaɗiya ba, ko da yake dole a kai shi asibiti.

Tunda an san yadda ciwon yake tashi, an san inda magani zai kama. Fenobabital, wanda aka fara amfani da shi tun 1912, yana ƙarfafa aikin GABA ne. Kabamazafin kuma yana takura ƙofofin sodiyam don kada ƙwaya ta yi ta tashi ba ƙaƙƙautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa idan an gano shi daidai an ba su magani, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samun sa. Sharaɗin shi ne likita ya zaɓi maganin, a sha kullum, kada a yanke shi dare ɗaya don an ga sauƙi.

Na san wasu za su kawo batun aljanu. Ba ni da niyyar taɓa imanin kowa, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Sai dai ya kyautu mu tuna cewa Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun fiɗ-Ɗibb, ya yi bayanin farfaɗiya ne a cikin cututtukan kai tun kusan shekara 1,000 da suka wuce. Bai dace a ce mu da muka zo bayan gwajin EEG mu riƙa turara wa mara lafiya hayaƙi muna jinkirta kai shi ga likita ba.

Idan mutum ya faɗi a gabanka, ka kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka juya shi a gefe. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko ruwa a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti. Ina kira ga ma'aikatun ilimi su koya wa malaman makaranta wannan, ma'aikatun lafiya kuma su wadata ƙananan asibitoci da magungunan, domin mafi yawansu ba su da tsada. Iyaye kuma kada su cire yaro daga makaranta saboda ciwon da ke da magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.