Kiɗa ɗaya, hannu daban-daban: wane faifan Clara Schumann ne zai dace da kunnenki?

Uwargida, kin san yadda mata uku za su sayi kayan miya a wajen mai kaya ɗaya, su bi tsari ɗaya, amma kowace tukunya ta fito da nata ɗanɗanon. Haka abin yake a tsohon kiɗan Turawa wanda ake rubutawa a takarda. Mai tsara kiɗan ya rubuta ya tafi, makaɗa kuma na kowane zamani su ɗauki takardar su kaɗa da nasu hannun. Shi ya sa idan kika nemi kiɗa ɗaya a wayarki, sai faifai goma su jeru a gabanki, ga data ba ta da yawa, ga lokacin hutu ƙalilan ne. Wanne za ki taɓa?

A wannan makon mun ɗauko kiɗa guda wanda wata uwa ta rubuta, da faifai uku da aka naɗe shi a kansu, domin mu ga yadda ake zaɓe.

Wace ce ta rubuta shi?

An haifi Clara Schumann a birnin Leipzig na ƙasar Jamus a 1819. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin fiyano ne, kuma tun tana yarinya ya horar da ita har ta yi suna a Turai. Da ta so auren Robert Schumann, wanda shi ma mai tsara kiɗa ne, uban ya ƙi, sai da magana ta kai kotu kafin aka ɗaura auren a 1840. Ta haifi 'ya'ya takwas.

A 1846, suna zaune a Dresden, ta rubuta kiɗan da muke magana a kai. Shekararta ba ta cika 27 ba lokacin da ta fara. Tana da 'yan mata uku ƙanana, ga jariri Emil da ta haifa a farkon shekarar, ga maigida ba shi da cikakkiyar lafiya. A tsakiyar shekarar suka tafi tsibirin Norderney neman sauƙinsa, a can kuma ta yi ɓari. Ta dawo ta ƙarasa aikin. A shekarar da ta biyo aka buga kiɗan, a shekarar kuma Emil ya rasu bai kai shekara biyu ba.

Bayan rasuwar Robert a 1856, ita ta riƙe gidan da kuɗin da take samu a wasannin fiyano, tana zagaya ƙasashe, har Ingila ta sha zuwa. Daga nan kusan ta daina rubuta sabon kiɗa. Ta rasu a 1896, daga baya kuma Jamus ta sa hotonta a takardar kuɗinta ta mak 100. Wannan kiɗa na 1846 shi ne mutane da yawa suke ɗauka a matsayin mafi girman abin da ta bari.

Duwatsun murhu uku

Kayan kiɗa uku ne kawai a ciki: fiyano, da bayolin, wato ƙaramin goge na Turawa mai siririyar murya, da celo, babban ɗan'uwansa mai kaurin murya wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Babu waƙa, babu kalma ko ɗaya. Tsawonsa ya kusa rabin awa, an kasa shi kashi huɗu.

Kashi na farko bayolin ne yake buɗe shi da wani sauti mai ɗauke da damuwa, sauran su karɓa. Na biyu ɗan wasa ne mai sauƙi, kamar takun rawa. Na uku, mai suna Andante, shi ne mai tafiyar hawainiya, kuma shi ne zuciyar kiɗan. A na huɗu akwai wurin da muryoyin uku suke shigowa ɗaya bayan ɗaya da jimla guda, kowace tana bin sawun ta gabanta.

Makaɗan nan uku kamar duwatsun murhu suke. Idan ɗaya ya fi sauran tsawo, tukunya za ta karkace. Don haka babbar tambaya a kan kowane faifai ita ce: shin mutanen nan uku suna sauraron juna?

Faifai na farko: Beaux Arts Trio

An kafa wannan ƙungiya a Amurka a 1955, ta yi aiki har 2008, kuma duk tsawon shekarun nan mai fiyanonta ɗaya ne, Menahem Pressler, wanda ya tsere daga Jamus yana matashi a zamanin Hitler, ya rasu a 2023 yana da shekara 99. Sun naɗi kiɗan Clara wa kamfanin Philips a farkon shekarun 1970, tare da Isidore Cohen a bayolin da Bernard Greenhouse a celo. A lokacin ba kasafai manyan makaɗa suke waiwayar abin da mata suka rubuta ba.

Abin da za ki ji a nan shi ne natsuwa irin ta mutanen da suka daɗe tare. Ba mai katse wani. Fiyanon Pressler yana fita da taushi kamar murya, yana jan ragama ba tare da ya danne 'yan'uwansa ba. Baƙin cikin da ke cikin kiɗan suna faɗinsa ne irin na dattijuwar da ta ga jiya ta ga yau, tana ba da labari idonta a bushe. Naɗin ya haura shekara 50, saboda haka sautin bai kai na yanzu haske ba, amma yana da ɗumi.

Faifai na biyu: Mutter, Ferrández da Orkis

Wannan sabo ne, kamfanin Sony ya fitar da shi a 2022. Anne-Sophie Mutter Bajamushiya ce, tana cikin mashahuran masu bayolin na duniya tun tana 'yar shekara 13. Ita ma ta san riƙon gida ita kaɗai, domin mijinta na farko ya rasu a 1995 ya bar ta da yara biyu ƙanana. Pablo Ferrández, mai celo, ɗan Sifaniya ne da aka haifa a 1991. Lambert Orkis kuwa, mai fiyano daga Amurka, abokin aikinta ne tun ƙarshen shekarun 1980.

A nan komai babba ne. Mutter tana girgiza sautin bayolinta kamar muryar da kuka ya ci ƙarfinta, sai kuma ta sauke shi ƙasa-ƙasa har ki kasa kunne. Suna jan wata jimla, suna hanzarta wata. Idan faifan farko hira ce a ɗaki, wannan jawabi ne a gaban taro. Amfaninsa shi ne yana kama mutum tun daga minti na farko, ko da bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba. Illarsa kuwa, bayolin yakan ɗauke hankali har ki manta cewa Clara mai fiyano ce, kuma ta raba zancen ne tsakanin mutum uku.

Ki lura, a faifan an fara ne da wani dogon kiɗa na Johannes Brahms, aminin gidan Schumann, tare da babbar ƙungiyar makaɗa. Na Clara yana bayansa, kada ki ƙona data a kan abin da ba shi kika zo nema ba.

Faifai na uku: Nash Ensemble

Ƙungiyar Landan ce da aka kafa a 1964, kamfanin Hyperion ya fitar da faifanta a 2020. Su sun tsaya ne a tsakiya: sauti mai tsabta na zamani, ba gaggawa, ba ja da yawa, kowace murya kina jin ta a wurinta. Idan kina so ki gane yadda aka gina kiɗan, musamman wurin nan na kashi na huɗu da muryoyi suke bin juna, wannan zai nuna miki shi a fili.

Yana da wata garaɓasa. An haɗa shi da kiɗan Fanny Mendelssohn, wata mace mai tsara kiɗa da ta yi zamani da Clara, wadda ta rubuta nata kiɗan na mutum uku jim kaɗan kafin rasuwarta a 1847. Kin ga jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Gwajin minti goma sha biyar

Ba sai kin saurari awa ɗaya da rabi ba kafin ki yanke hukunci. Ki rubuta Clara Schumann Piano Trio Andante a wurin nema na YouTube ko Spotify, ki ƙara sunan ƙungiyar. Kashin bai wuce kamar minti biyar ba a kowane faifai.

Ki sa iyafis. Sifikar waya tana haɗiye muryar celo, kuma idan babu celo kin rasa dutse ɗaya cikin uku. Sannan ki kula da wurare uku.

Da farko fiyano ne kaɗai yake magana. Shin kamar rera waƙar reno yake, ko kuwa kamar karatu? Bayan haka bayolin zai karɓi jimlar. Ki ji ko ya karɓe ta cikin ladabi, ko ya fizge ta.

Can tsakiya sai yanayin ya sauya, kiɗan ya yi ƙarfi, yana taku da nauyi kamar wanda aka tsokano masa tsohon ciwo. Wani faifan yana maishe shi faɗa, wani yana maishe shi ƙorafi. Wanne kika yarda da shi?

Daga ƙarshe jimlar farko za ta dawo, wannan karon a bakin celo. Nan ne gwajin gaskiya. Idan sauran biyun sun ja da baya sun ba shi fili, har kika ji kamar an dafa kafaɗarki, to makaɗan suna sauraron juna.

Ki bar tazara kaɗan tsakanin faifai da faifai, domin kunne yakan fifita wanda ya fara ji. Gobe ki sake, ki juya jerin. Wanda ya ci sau biyu, shi za ki sauke ki ajiye.

To, wanne muka zaɓa?

Na Beaux Arts. Matar da ta rubuta kiɗan nan tana tsakanin goyo da jinya da ɓari, amma ba ta cika shi da kururuwa ba. Ta tsara shi daki-daki, kowane abu a muhallinsa, damuwar tana ƙarƙashi. Makaɗan da suka bar ta a ƙarƙashin, suka amince mai sauraro zai gano ta da kansa, su suka fi kusa da ita a ganinmu. Amma idan yau ne karonki na farko, ki fara da na Mutter, shi ne mai buɗe ƙofa da sauri. Idan kuma akwai yaro a gida mai son sanin yadda abubuwa suke aiki, ku saurari na Nash tare, ki ce ya ɗaga yatsa duk lokacin da sabuwar murya ta shigo.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani kafin ki danna. Robert ya rubuta nasa kiɗan na mutum uku a 1847, bayan nata. Da Clara ta gwada su, sai ta raina nata, ta ga kamar bai kai ba. Yau ga manyan makaɗan duniya suna komawa kansa, kowa yana neman ya faɗe shi yadda ya dace. Uwa nawa ce take raina aikin hannunta haka, don kawai ta yi shi ne tsakanin girki da kukan yaro?

Idan yara sun yi barci yau, ki ba kanki minti goma sha biyar ɗin nan. Sannan ki faɗa mana a ƙasa wanne ya zauna miki, kuma a daidai wane wuri ya kama ki.