Alkama da Dangin Wake: Maƙwabtaka Mai Riba

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana shuka wake a tsakanin gero da dawa, ya kuma lura cewa gonar da ta sha wake ba ta saurin gajiya. Masana kimiyyar tsirrai sun gano dalilin haka, har suna amfani da shi wajen noman alkama, wadda take da tsananin buƙatar sinadarin naitirojin.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma alkama ba ta iya zuƙarsa daga iska, sai wanda saiwarta ta samu a ƙasa. Dangin wake, wato wake da gyaɗa da waken soya da makamantansu, suna da wata hanya dabam. A shekarar 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar waɗannan tsirrai ne ke sama musu naitirojin daga iska. A 1888 Beijerinck, mutumin Holan, ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ciki, waɗanda ake kira Rizobiyum. Tsiron yana ba su sukari, su kuma suna mayar da naitirojin na iska ya zama amoniya, abincin tsiro.

To, me ke faruwa idan aka haɗa su a gona ɗaya? Saiwar alkama ta fi sauri da yawa, saboda haka ita ke riga kwashe naitirojin na ƙasa. Wannan sai ya tilasta wa waken dogara ga iska. Tunda ba tukunya ɗaya suke ci ba, kowane kan alkama yakan samu rabo mai yawa, musamman lokacin da ƙwaya ke cika. Sakamakon haka furotin na ƙwayar yakan ƙaru, kuma shi ne ke ba ƙullu danƙon da burodi da taliya ke buƙata. Masu gidajen burodi sun fi son alkama mai furotin kamar kashi 12 cikin ɗari.

A Indiya ana gauraya alkama da waken da suke kira cana, a Sin da waken ful wanda Sudan da Masar suka sani, a Faransa da Denmak kuwa da waken fis. Alkamar takan gaza ta gonar da aka shuka ita kaɗai, amma idan aka haɗa amfanin biyu, sau da yawa jimillar takan zarce abin da za a samu da an raba filin, musamman inda taki ya yi ƙaranci.

Sai dai akwai wahalhalu. Yawan takin yuriya yana hana ƙulle-ƙullen aiki. Maganin ciyawa mai kashe faffaɗan ganye yana kashe waken. Sannan dole amfanin biyu su nuna lokaci guda, a kuma tsince ƙwayoyinsu bayan sussuka.

A wajenmu ana shuka alkama a noman rani, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, a wurare irin su Kadawa da kwarin Haɗeja, domin tana son sanyin hunturu. Wakenmu kuwa zafi yake so. Don haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne karɓa-karɓa: wake ko waken soya da damina, a bar saiwa da ganye su ruɓe a gona, alkama ta biyo baya. Wannan yana rage kuɗin taki, ko da yake ba ya maye gurbinsa gaba ɗaya.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan al'amari ba tare da tsadar kayan aiki ba. A tono gyaɗa mai fure a hankali, a wanke saiwar, a tsaga ƙulli ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin suna kan aiki. Idan fari ne ko kore, ba sa samar da komai.