Ciwon MELAS da Shaidar Jini

Abin da ya dame ni shi ne, shekaru 40 da ɗoriya bayan Pavlakis da abokan aikinsa sun siffanta ciwon MELAS a 1984, har yanzu magidanci kan haura 50, farfaɗiya ta buge shi, ganinsa ya ɗauke ta gefe guda, a rubuta masa shanyewar ɓarin jiki a sallame shi, alhali kurumtar da ta soma masa tun yana saurayi, da ciwon sukarin da ya same shi ba tare da ƙiba ba, suna gaban likita suna ba da shaida. Yawaitar manyan da ake gano musu ciwon a yanzu, a ganina, ba annoba ba ce. An dai soma dubawa inda ya kamata ne.

Babban sababin jinkirin yana cikin gwajin jini kansa. Tun 1990 masanan Japan suka tabbatar da illar da ke haddasa ciwon a ƙwayar gado ta mitokondiriya, wato 'yan murhunan da ke samar wa jiki ƙarfi, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na masu ciwon ita suke ɗauke da ita. Sai dai kason gurɓatattun ƙwayoyin gadon a cikin jini yana raguwa gwargwadon shekaru, ta yadda jinin dattijo kan fito tas, a wanke ciwon daga tuhuma bisa shaidar da ta riga ta raunana, a lokacin da fitsarinsa, ko ɗan yankin tsokarsa, ke riƙe da hujja ƙarara.

Akwai masu jingina ci gaban ga hoton MRI, kuma ba a musun cewa yana nuna tabo a ƙeyar ƙwaƙwalwa wanda ya tsallake iyakar jijiya guda, yau nan, gobe can. Amma hoto ba ya tambayar wa ya kurumce cikin kawunnai da innoni, mu kuwa da muka saba lissafa nasaba ta wajen uba mukan mance cewa wannan gado ta uwa kaɗai yake bi.

Sakamakon kuskuren ba ƙarami ba ne, domin valproate da aka saba bayarwa don farfaɗiya yana iya tsananta ciwon, metformin na ciwon sukari kuma ya ƙara tsamin jini. Ranar da aka gane hakikar al'amarin, 'ya'yan magidancin sun kuɓuta, saura a aika wa ƙanwarsa ta kawo nata a gwada su.