Kirifto: wa ke da ikon leƙa cinikinka?

Da yawa daga masu hada-hadar kirifto sun ɗauka kuɗinsu a ɓoye yake. A Bitcoin dai ba haka ba ne. Duk cinikin da aka yi tun 2009 yana rubuce a kundin da kowa zai iya buɗewa, ya ga nawa ya fita daga wannan walat zuwa waccan, da ranar da ya fita. Suna ne kawai babu. Ranar da aka gano mai walat ɗin, asirinsa ya tonu har da cinikin shekarun baya. Ta haka jami'an Amurka suka bi sawun kuɗin fansar da kamfanin Colonial Pipeline ya biya a 2021, suka ƙwato Bitcoin 63.7.

Sunan kuwa yana hannun dandalin musaya, inda ka miƙa katin shaidarka da hoton fuskarka kafin a bar ka ka sayar. A wannan ƙofar ake ta ja-in-ja.

A Fabrairun 2024, lokacin da naira ke ta faɗuwa, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 ta ratsa dandalin musaya na Binance daga Najeriya cikin shekara guda, ba tare da an iya tantance masu ita ba. Bayan haka, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci kamfanin ya bai wa EFCC bayanan 'yan Najeriya da ke ciniki a kansa. Gwamnati tana da hujjarta. Wanda dandalin CBEX ya rufe da kuɗinsa a Afrilun 2025 ba zai yi maka zancen sirri ba, so yake a kamo ɓarayin.

Sai dai a ganina umarnin ya yi faɗi. Neman bayanan mutum goma da ake zargi daban, kwashe na kowa da kowa daban. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya a Chaina da kirifto na USDT bai yi laifin komai ba, amma sunansa, jarinsa da abokan cinikinsa duk suna cikin jerin. In jerin ya fita waje, a ƙasar da ake garkuwa da mutane, ba ƙaramin haɗari ba ne. Ba a kuma manta da 2020 ba, da aka toshe asusun bankin wasu masu zanga-zangar EndSARS, har tallafinsu ya koma Bitcoin.

Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023. Abin da ya rage shi ne hukuma ma ta buɗe nata littafin: duk shekara ta faɗi bayanan mutum nawa ta nema, da izinin wace kotu, kuma mutum nawa a ciki aka gurfanar.