AMSOSHIN WASIƘUNKU: Sai An Sayar Da Sa Kafin Yaro Ya Iya Kwamfuta?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Funtuwa, ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa ya gama sakandare yana koyon tsara manhajar kwamfuta, kullum dare yana gaban wani baƙin allo mai suna Vim yana ta danne-danne. Yanzu yaron ya ce tsohuwar kwamfutar da kawunsa ya ba shi ba ta sauri, a saya masa sabuwa. Shi kuwa in zai saya, sai ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa. Yana tambaya: mene ne wannan Vim, kuma ya sayar da san ko ya dakata?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Amsarmu a taƙaice ita ce ka dakata tukuna, kada ka kai sa kara. Ga dalili, kuma in da hali ka kira yaron ku karanta tare.

Duk manhajar da ka gani a waya ko a kwamfuta, rubuta ta aka yi layi bayan layi, kamar yadda kake rubuta bashi a littafinka. Abin da ake wannan rubutu a cikinsa Turawa na ce masa edita. Ba editan jarida ba, a'a, wani allo ne na rubutu da gyara. Shi ne fartanyar mai tsara manhaja, da shi yake wuni a hannu.

Vim ɗaya ne daga cikin irin waɗannan alluna, kuma yana da asali. Wani ɗalibi mai suna Bill Joy ne ya ƙirƙiro kakansa, wanda ake kira vi, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙasar Amurka a shekarar 1976. Na'urorin wancan zamani ba su kai ƙarfin ƙaramar wayar da ke aljihunka ba, don haka aka gina shi ya yi aiki da ɗan abu kaɗan. Daga baya wani mutumin ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya inganta shi ya fitar da Vim a shekarar 1991. Bai sa masa kuɗi ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne duk wanda ya ji daɗinsa ya taimaka wa marayun Kibaale a ƙasar Uganda. Ya rasu a watan Agusta na 2023, wasu suka ci gaba da kula da aikin, kuma har yau kyauta ne.

Ka ga ke nan, abu ne da ba ya bukatar sabuwar kwamfuta. In aiki na tafiyar hawainiya a cikin Vim, galibi ba na'urar ba ce, hannun ne bai faɗa ba tukuna. To bari mu juya wajen yaron.

Samari, abu na farko: Vim na da manyan halaye biyu da za ka fara sani. Akwai halin rubutu, akwai halin umarni. In ka danna harafin i, ka shiga rubutu. In ka danna maɓallin Esc, ka koma umarni, a nan kowane harafi aike ne. Kuskuren sabon shiga shi ne ya zauna a halin rubutu yana goge harafi ɗaya-ɗaya, kamar mai auna buhun gero da cokali. Ka saba da komawa umarni da zarar ka gama rubuta abin da za ka rubuta.

Na biyu: umarnin nan haɗa su ake yi kamar magana. Harafin d na nufin goge, w na nufin kalma. To dw ya goge kalma ɗaya, d3w ya goge uku. In ka danna dd layi guda ya tafi, 5dd kuwa layi biyar. Da yy ake kwafe layi, da p ake ajiye shi inda ake so. In ka yi ɓarna, danna u, abin ya koma yadda yake. Sannan ga ɗigo, wato alamar aya: duk gyaran da ka yi na ƙarshe, ɗigo zai maimaita maka shi. Wanda ya riƙe ɗigon nan kaɗai ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Na uku: daina bin layi da ido kana nema. Rubuta /masara ka danna Enter, zai kai ka inda kalmar take, n kuma ya kai ka ta gaba. A ce Baba ya ba ka lissafin kaya mai layi 500, ya ce duk inda aka sa dawa kuskure ne, gero ake nufi. Sai ka rubuta :%s/dawa/gero/gc. Amma ka lura da harafin c ɗin nan na ƙarshe, shi ne ke sa ya tambaye ka kafin kowane canji. In ka bar shi, na'ura ba ta da hankali, har "dawaki" za ta mayar maka "geroki".

Na huɗu, wannan ya shafi duk wanda ya san ɗaukewar wuta. Vim na ajiye wani ɓoyayyen kwafi na aikinka, yana sabunta shi duk bayan harafi 200, ko in ka tsaya na daƙiƙa 4. In kwamfuta ta mutu kana tsakar aiki, kada ka ɗora hannu a ka. In ta tashi, rubuta vim -r da sunan fayil ɗin, yawancin aikin zai dawo. Duk da haka ka riƙa danna :w a kai a kai don adanawa.

Na biyar: akwai fayil mai suna .vimrc inda kake gaya wa Vim yadda kake son ya zauna, misali set number don ya nuna lambar kowane layi. Kada ka kwaso na wani dungurungum daga intanet ka zuba. Ƙara layi ɗaya, ka fahimce shi, sannan ka ƙara wani. Haka ma ƙarin kayan da ake liƙa masa: yawansu ne ke sa shi nauyi, sai a ɗora wa kwamfuta laifi.

Ina za a koya? Malamin yana cikin gida. Rubuta vimtutor, darasi zai buɗe wanda ake gamawa cikin kamar minti 30. Ka yi shi yau, ka sake jibi, ka sake mako mai zuwa. Cikin Vim kuma :help zai buɗe maka cikakken bayani, ba sai da data ba, sai dai da Turanci yake. In ka yi nisa, akwai littafin Practical Vim na Drew Neil, wanda ya fito a 2012.

Ba Vim kaɗai ba ne. Akwai GNU Emacs na Richard Stallman, tun 1985, da Notepad++ na 2003, da kuma VS Code wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. Duk ba a biyan ko kwabo, sai dai VS Code ya fi cin ƙarfin na'ura. Kowanne ka ɗauka, ka zauna a kansa har hannu ya saba. Mai canja gona kowace damina ba ya sanin halin ƙasa.

To Malam, mu dawo gare ka. Ba mu ce yaron ƙarya yake ba. Akwai ayyukan da da gaske suke son na'ura mai ƙarfi, kamar haɗa manhajar wayar Android. Ka tambaye shi wane aiki ne takamaimai ya gagari tsohuwar. In ya ambata, ku kai ta wajen mai gyara tukuna, don sau da yawa sabon batir ko ƙarin ƙwaƙwalwa ya wadatar, kuɗinsu kuwa bai kai na sa ba. Sannan ka ba shi wata uku. Ranar da wa'adi ya cika, ka zauna kusa da shi ka ba shi lissafin kayanka ya gyara. Ko ba ka karanta boko za ka gane: in yana ta laluben maɓalli yana goge harafi ɗai-ɗai, da saura. In ka ga layuka na sauyawa da ɗan taɓi biyu ko uku, to ya kama hanya, sai a yi maganar sabuwa bayan kaka, in amfani ya shigo gida.

Da fatan mun gamsar da kai. A gaida yaron, Allah ya yi masa albarka, ya kuma ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.