Abin da ya kamata direba ya yi idan ya buge dabba a hanya

Saniya, akuya ko kare kan faɗo titi ba zato, musamman da magariba lokacin da garke ke komawa gida. Direban da ya buge dabba ya gangara gefen hanya, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan motar, sannan ya duba lafiyar fasinjojinsa. Idan wani ya ji rauni, ko dabbar ta tare hanya, sai ya kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a lamba 122.

Dabbar da ta ji ciwo takan yi cizo ko harbi, don haka kada a taɓa ta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti, domin cutar haukan kare ba ta jin magani da zarar alamunta sun bayyana.

Dabbar gida dukiyar wani ce, guduwa kuwa kan mayar da ƙaramar magana rikici. Gara a ɗauki hoto, a nemi mai ita ta hannun mai unguwa. Amma idan jama'a suka taru a fusace, direba ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai rahoto.