Jirgi Maras Matuƙi Ya Iya Faɗin Abin Da Ke Damunsa

Duk wanda ya taɓa raka mai karaya wurin masu ɗori a Aliero ta jihar Kebbi ya san yadda ake yi. Mai ɗori zai bi ƙafar da yatsunsa, ya tsaya wuri guda, ya ce nan ƙashin ya goce. Ka ga wurin, ka ji dalili, hankalinka ya kwanta. Irin wannan bayani nake so mu nema daga jirage marasa matuƙa tun ba su cika mana sama ba.

Suna tafe kuwa. Kamfanin Zipline ya fara kai wa asibitoci jini da su a Ruwanda a 2016, ya iso Kaduna a 2022. Ina kyautata zaton manoman Jega da Maiyama ba za su daɗe ba su ga masu feshin magani a kan gonakinsu.

Tashin hankalin yana ranar da abu ya lalace a sama. Jirgi mai farfela huɗu, in ɗaya ta tsaya, sai ya karkace ya yo ƙasa. A 2014 masu bincike biyu a jami'ar ETH ta Suwizalan, Mueller da D'Andrea, suka nuna ana iya cetonsa: a bar shi ya riƙa juyi kamar katantanwa, sauran farfelun su sauko da shi a hankali. Amma sai kwamfutarsa ta gane matsalar cikin ƙiftawar ido.

Shi ya sa ake koya mata alamu daga bayanan tashin da aka yi a baya: girgizar inji, zafin batir, yawan wutar da kowane inji ke ja. Wasu tsare-tsaren kamar rufaffen ɗaki suke, hukunci kawai ke fitowa, ko wanda ya gina su bai san hujjar ba. A 2019 Farfesa Cynthia Rudin ta Jami'ar Duke a Amurka ta yi kira da a guji irinsu inda kuskure ke da tsada. Ina goyon bayanta. Tsarin da ke cewa na sauka don batir ya ɗau zafi, ƙarfinsa ya faɗi, shi ne makanike zai bi daki-daki ya gyara.

Ga kuma yanayinmu. Zafin Afrilu a Kebbi yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba inda ba ta shiga. Kwamfutar da ta yi karatunta a sanyin Turai za ta iya ruɗewa a nan, kuma in ba ta bayani, ba mai gane hakan sai jirgi ya faɗo kan rumfar kasuwa.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana tsakiyar gonakin nan. Malamai da ɗalibanta su fara tattara bayanan tashi a zafinmu da ƙurarmu tun yanzu.